DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: MAKOMAR TSOFAFFIN MOTOCI A HARTUM DA UMDURMAN

Tun daga ranar 26 ga Maris, 2025, da sojoji suka ba da sanarwar ƙwato birnin Hartum, jama'a suka fara komawa gidajensu kaɗan-kaɗan. Cikin abubuwan da magidanta da yawa suka tarar a ƙofar gida ko a gareji har da gawar mota: ba taya, ba batir, an zare wayoyin wuta saboda jan ƙarfen da ke ciki, ƙura ta rufe ta ruf. Wasu ma ko gawar ba su samu ba. To, tambayar da ke gaban mai irin wannan mota ita ce, ya tashe ta ne, ko ya miƙa wa 'yan gwangwan su auna ta a sikeli? Wanda kuma yake neman ta hawa da ɗan abin da ya rage masa, yaya zai yi ya kauce wa sayen kayan sata?

Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, duk wanda ya san Suk al-Arabi, wato babbar kasuwar nan da ke kewaye da Babban Masallacin Hartum, ya san cewa wurin baje kolin tsofaffin motoci ne ba tare da kowa ya shirya ba. Tasi masu ruwan ɗorawa, galibinsu Toyota Corolla na shekarun 1970 da 1980, su ne ke jere suna jiran fasinja, a wasu lokuta har da 'yar Ingila Hillman Hunter, wadda aka daina ƙerawa tun 1979. Waɗannan motoci sun ciyar da gidaje, sun biya kuɗin makaranta, sun yi aure da suna. Motar Amjad da Raksha sun zo sun rage musu kasuwa, amma ba su kashe su ba. Yaƙi ne ya ƙone shaguna ya watsa kasuwar.

MOTOCI MASU ƘWANJI

A ƙasar Amurka akwai wani jinsin tsofaffin motoci da ake yi wa laƙabi da masu ƙwanji. Dabarar da aka yi wajen ƙera su ba wata mai wuya ba ce: a ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas, a dasa shi cikin matsakaicin bodi mai ƙofa biyu, a sayar wa matasa da rahusa. Kamfanin General Motors ya fito da Pontiac GTO a 1964 da inji mai lita 6.4. A watan Afrilun wannan shekara Ford ya fito da Mustang, cikin shekara biyu ya sayar da fiye da miliyan ɗaya. Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya a 1966. Zamaninsu bai yi tsawo ba, domin tsadar inshora da dokokin hana hayaƙi da kuma takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a watan Oktoba na 1973 sun haɗu sun karya musu lago. Amma abin da aka yi wa kallon akwala jiya ya koma dukiya. A watan Janairu na 2020 an yi gwanjon wata Mustang 'yar 1968, wadda aka yi fim ɗin Bullitt da ita, a kan dala miliyan 3.74.

Irin waɗannan motoci ba su yi yawa a Sudan ba, kuma dalilan a fili suke. Har zuwa 1973 a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar, irin na Ingila, saboda haka motocin Ingila ne suka cika tituna. Ga su da shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Daga baya kuma takunkumin cinikayya da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya sa samun kayan gyaransu ya zama jan aiki.

Duk da haka Sudan tana da tata mai ƙwanjin, kuma abin mamaki 'yar gida ɗaya ce da GTO da Camaro. Ita ce babbar motar nan Bedford TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958 a ƙarƙashin Vauxhall, kamfanin da a lokacin mallakar General Motors ne. Mutanen Sudan suka raɗa mata suna Sifinja, wato silifas na roba, saboda laushin tafiyarta. Makanikai da maƙera a Umdurman da Shandi da Wad Madani da Al-Ubayyid sukan kwance ta gaba ɗaya, su ƙarfafa casis, su ƙara sifirin, su ƙera sabon bodi na ƙarfe, in injin ya gaji su dasa wani, har ta riƙa ɗaukar kusan tan 9 tana ratsa rairayi. Wani masani Bajamushe mai suna Kurt Beck ya yi bincike a kan wannan sana'a, a 2009 kuma Valerie Hänsch ta yi fim a kanta. An daɗe da rufe masana'antar da ke ƙera ta, amma hannun masu gyara ya hana ta mutuwa. Ke nan ilimin tayar da tsohuwar mota ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Akwai kuma motocin tarihi. A gidan Halifa Abdullahi da ke Umdurman, wanda aka mayar gidan tarihi a 1928, an ajiye wata Arrol-Johnston da ake cewa ita ce mota ta farko da ta shigo Sudan. A gidan tarihin Fadar Shugaban Ƙasa kuwa an jera motocin da masu mulki suka hau, ciki har da Rolls-Royce. Gidajen biyu duk sun sha ɓarna da wawaso a wannan yaƙi. Wannan ya ƙara wa duk wata tsohuwar mota da ta tsira a hannun talaka daraja, domin ita ma yanzu shaida ce ta tarihi.

IN ZA KA TASHE TA

Shawara ta farko ga mai motar da ta shekara biyu a tsaye ita ce kada ya yi garajen sa batir ya murza makulli. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye ya bar ƙarfe a bushe, murzawa ɗaya na iya kankare silinda ko ta karya zoben fistin. A fara cire filogi, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a bari ya kwana, sannan a juya injin da sifana a hankali. In ya juya, da sauran rai. Daga nan a zubar da tsohon fetur, domin fetur in ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe kafireta, a wanke tanki, a canza baƙin mai da matatarsa.

Abu na biyu shi ne duk wani kayan roba: fanbel, tiyon lagireto, tiyon mai da na birki. Zafin Hartum, wanda yakan haura digiri 40 a watannin bazara, yana busar da roba ta tsattsage ko da ba a taɓa motar ba. Taya ma haka, ko da zanenta bai cinye ba. Man birki kuma yana jan danshi, sai a zubar a zuba sabo. Wanda ya kashe kuɗinsa a fenti ya bar birki, ya yi wa kansa tanadin makara.

Sa'ar da masu tsofaffin motoci suka yi ita ce, ba su da kwamfuta a ciki. Sabuwar mota in aka zare mata wayoyi da ƙwaƙwalwa, gyaranta na iya fin kuɗinta. Corolla ta 1978 kuwa, ƙwararren mai gyaran wuta zai iya saƙa mata sababbin wayoyi daga fitila zuwa fitila. Bushewar iskar ƙasar nan ma ta taimaka, don tsatsa ba ta cin bodi kamar yadda take yi a Turai. Sai dai a lura da abu ɗaya: injinan da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1970 an yi su ne don fetur mai dalma, wanda yanzu an daina sayar wa motoci shi a duniya. Idan za a buɗe kan injin, a sa mai gyara ya dasa mazaunin bawul mai tauri.

Wadda wuta ta cinye kuwa, a haƙura. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, fenti ba zai mayar masa da shi ba. A cire abin da zai ciru a sayar, Allah ya mayar da alheri.

IN ZA KA SAYA

A nan ne hatsarin ya fi yawa. An sace motoci masu ɗimbin yawa a wannan yaƙi, wasu an tsallaka da su iyaka, wasu an kwance su ana sayar da kayan ɗaiɗai. Tun kafin yaƙin ma jama'a sun san motocin da ake kira Boko, waɗanda ake shigo da su ta ɓarauniyar hanya daga Libiya zuwa Darfur ba kwastan ba lamba. Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A ga mota ido da ido, a gwada lambar casis da ta inji da abin da ke rubuce a takarda, a duba ko an goge lambar ko an yi walda a kewayenta. A je ofishin 'yan sandan hanya tare da mai sayarwa a tabbatar sunansa ne a rajista, a kuma bincika ko an kai rahoton satarta. A rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu. Dillalin da ya ce takardu sun ƙone, a bar su a baya, sai a ce masa a fara sabunta su tukuna. Mai sayen motar sata yakan rasa mota ya rasa kuɗi, wani lokaci ya kwana a bayan kanta, ban da alhakin mai ita da ke kansa.

Haka nan a tafi da makanikin da aka amince da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A tayar da injin da sanyin safiya kafin ya ɗumama. Shuɗin hayaƙi alamar yana cin baƙin mai ne, farin da ba ya yankewa kuwa alamar ruwa na shiga silinda. A bi jikin bodi da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike wurin da ƙullun fenti ne. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mayar da kuɗi gida.

Kira na ƙarshe ga matasanmu ne. Tsofaffin makanikan da suka san sirrin kafireta da Sifinja yaƙi ya warwatsa su, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ga shi birni na buƙatar masu gyara fiye da kowane lokaci. Yaron da ya zauna gaban ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ya koyi aiki, ba zai rasa abin sakawa a bakin salati ba. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya mayar wa kowa abin da ya rasa, amin.