Su a Tafkin Tiga

Mutanen Kudan da Makarfi da Ikara manoma ne, an san su da noman rake a fadama. Ruwan da suka saba da shi na rafi ne da kududdufi, inda yara sukan kama tarwaɗa da rani. Amma gabas da su, cikin ƙasar Kano, akwai wani babban tafki da ake kira Tiga. An yi shi ne ta hanyar datse Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako.

Baƙon da ya je Tiga don su ba ya shiga ruwa shi kaɗai. Sai ya nemi masunci ya yi masa jagora, su yi jinga, sa'an nan su hau kwalekwale da sassafe.

Me ya sa sai da jagora? Sa'ad da ruwa ya taru, ya shanye gonaki da itatuwa. Kututture yana nan a ɓoye, yana iya kifar da kwalekwale ko ya yaga koma. Masunci ya san wuraren nan. Yana kuma duban sama. In hadari ya taso da damina, nan da nan sai ya juya zuwa gaɓa, ko da kifi yana cin ƙugiya, gama igiyar ruwan tafki ba irin ta rafi ba ce.

Ya kuma san mazaunin kowane kifi. Karfasa takan yi kiwo kusa da gaɓa, wurin ciyayi. Tarwaɗa tana son taɓo, ta fi fitowa da dare. Kowanne da irin abincin da ake sa masa a ƙugiya, tana ko gara ko ƙullin dusa. Masunci na kirki ba ya jefa koma mai ƙananan idanu, don kada ya kwashe 'ya'yan kifin da za a kama baɗi.

A Turai da Amurka ma masu su sukan ɗauki jagora. Kifayen da suke nema, tirawut da salmon, na ruwan sanyi ne ƙwarai, shi ya sa ba a samun su a Tiga.