Watamu, Garin da Ake Biyan Kuɗi Don a Ga Kifi da Rai

Kowace mace a ƙasar Hausa ta san murjani, jan dutsen adon nan da ake sa ma amarya a wuya da hannu. Sunansa ma ya zo cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rahman, tare da lu'ulu'u. Amma mutane kaɗan ne suka san cewa ba haƙo shi ake yi daga ƙasa kamar kanwa ba. Wata ƴar ƙaramar halitta ce mai rai take gina shi a ƙarƙashin teku. Jan da mata suka sani asalinsa daga Bahar Rum ne, fatake suka riƙa ƙetaro hamada da shi. Yana kuwa da ƴan'uwa a tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda ba a yin ado da su, amma sukan gina duwatsu masu tsawon gaske kusa da gaɓa, inda kifi iri-iri ke samun mazauni. Irin waɗannan duwatsu ne ke ciyad da Watamu, wani ƙaramin gari na ƙasar Kenya, domin kowace shekara baƙi sukan taso daga nesa, su kashe kuɗin hutunsu, don kawai su nutsa ƙarƙashin ruwa su gan su da idonsu.

Inda garin yake

Watamu tana bakin Tekun Indiya, cikin jahar Kilifi, kimanin kilometir 105 arewa da Mombasa. Babban garin da ke kusa da ita shi ne Malindi, inda jiragen Vasco da Gama, Baturen Fotugal, suka yada zango cikin shekara ta 1498, kuma a nan ne filin jirgin saman da baƙi da dama ke sauka yake. Asalin Watamu ƙauyen masunta ne. Mazaunanta Bajuni ne da Suwahili da Giriyama, da yawa daga cikinsu Musulmi. Daga baya otal-otal suka jeru bisa farin rairayin gaɓa, Turawan Italiya kuma suka yawaita, har ya zamana yaran gari kan gaida baƙo da Italiyanci.

Kamar yadda manomi ke lissafin damina da rani, haka mutanen gaɓar nan ke lissafin iska biyu. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi ke busowa daga arewa maso gabas. Teku yakan kwanta, ruwa ya yi garau, ya yi ɗumi. Wannan ita ce kakar masu nutso. Daga Afrilu kuwa sai kusi ta kama daga kudu maso gabas, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, baƙi su ragu, aiki ya ja baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Baƙon da ya zo hutun mako guda ba ya faɗawa teku ranar da ya sauka. Da farko sai ya cika takardar lafiya. Mai ciwon zuciya ko ciwon fuka sai da yardar likita, mace mai ciki kuwa ba ta nutso sam. Sa'an nan sai ya nuna ma malaminsa cewa yana iya iyon metir 200, yana kuma iya tsayawa bisa ruwa minti 10 ba tare da ya riƙe kome ba. Karatun yakan ɗauki kwana 3 ko 4: darasi cikin aji, gwaji cikin ruwa marar zurfi, kana nutso sau 4 cikin teku sosai. Wanda ya ci sai a ba shi takardar shaida wadda ta yarje masa sauka har metir 18, wanda ya kai zurfin rijiya mai gaba goma. Masu ƙarin ilimi kan wuce haka, amma iyakar nutson shaƙatawa metir 40 ce.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tabarau mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar roba don tsare ɗumin jiki, da ɗamara mai darma don kada ruwa ya riƙa turo mutum sama. Uwa uba akwai butalin ƙarfe da ake goyawa a baya, mai kama da na gaz ɗin girki amma ya fi shi sirantaka. Mutane da dama sun ɗauka okisijen zalla ne a ciki. Ba haka ba ne: iskar nan ce da kowa ke shaƙa, aka tace ta, aka danna ta da inji har ninki 200, watau butali mai litir 12 yana ɗauke da iska litir 2400. Iska mai irin wannan ƙarfi ba ta shaƙuwa kai tsaye, sai ta bi ta wata na'ura wadda ke sassauta ta, ta ba mutum daidai abin da ƙirjinsa ya ja. Faransawa biyu ne suka ƙera wannan na'ura cikin 1943, watau Jacques-Yves Cousteau, hafsan sojan ruwa, da injiniya Émile Gagnan. Kafin nan, galibin masu daɗewa ƙarƙashin ruwa da hular ƙarfe mai nauyi suke shiga, ana hura musu iska daga sama ta cikin tiyo.

Dokokin da rai ya rataya gare su

Abin da malami ya fi nanatawa shi ne nauyin ruwa. A zurfin metir 10 ruwa yana danne jiki ninki biyu na yadda iska ke danne shi a tudu, a metir 20 ninki uku, a metir 30 ninki huɗu. Kunne ne ke fara ba da labari, don haka mai sauka yakan toshe hanci ya hura a hankali, bini-bini, har kunnen ya buɗe. Haka kuma iskar butali tana saurin ƙarewa gwargwadon zurfi: wadda za ta kai mutum kusan awa guda a metir 10, rabin haka za ta yi masa a metir 30.

Doka ta fari ita ce kada a riƙe numfashi. Iskar da aka shaƙa a metir 10, in aka taso da ita sama ba a fitar ba, girmanta yakan ninka, tana iya tsaga huhu. Doka ta biyu ita ce a taso sannu. Dalili kuwa, kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da ake shaƙa wata iska ce mai suna azot, wadda ke narkewa cikin jini idan ruwa ya danne jiki. In mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa cikin jini da gaɓoɓi, kamar yadda kumfa ke tasowa in an buɗe kwalbar lemo farat ɗaya. Abin yakan jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa, maganinsa kuma sai an sa majinyaci cikin wani ɗakin ƙarfe na musamman da ake matsa iska. Sabo da haka ake tasowa kamar metir 10 cikin minti guda, a kuma dakata minti 3 a zurfin metir 5 kafin a fito.

Doka ta uku, ba a nutso mutum ɗaya. Kowa da abokinsa, kowa na duban ɗan'uwansa, tun da yake ba a magana cikin ruwa sai da hannu. In aka haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, ana nufin lafiya lau. In aka ɗaga babban yatsa sama, ana nufin a fita, kuma ba a gardama. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. A nan har da fid da abokin tafiya.

Abin da ake gani

Da safe jirgin ruwa kan ɗauki baƙi ya kai su bayan dutsen murjani. Da zarar mutum ya nutsa sai hayaniyar duniya ta ɗauke, ba ya jin kome sai numfashinsa da ƙarar kumfa. Kome yakan yi masa kamar ya ƙara girma da kusan sulusi, ya kuma matso kusa. Jan launi shi ke fara ɓacewa tun a metir na farko-farko, ƙasa kuwa shuɗi ne ke rinjaye, sai in an haska fitila launuka su dawo.

Murjanin kansa wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar babbar ƙwarya a kife. Kifi ɗaruruwan iri ke kai da kawowa a tsakaninsa. Akwai mai baki kamar na aku, wanda ke gwaguyar dutse ya kasayar da farin rairayi. Akwai ɗan ƙarami wanda sana'arsa ita ce tsince ƙwari daga jikin manyan kifaye, har cikin bakinsu yake shiga ba su haɗiye shi ba. Wanda ya yi sa'a yakan gamu da kunkurun teku yana kiwo a hankali, ba ruwansa da kowa. Sharaɗi dai guda ne: a duba da ido, kada a taɓa, kada a ɗauka. Manyan dunƙule-dunƙulen murjani ba su ƙaruwa sai da kamar santimetir guda a shekara, reshen da takalmi ya karya cikin ƙiftawar ido kuwa sai ya yi shekaru bai mayar ba.

Hurumi da masunta

Kifin nan bai yawaita haka kawai ba. Cikin shekara ta 1968 magabatan Kenya suka keɓe ruwan da ke gaban Watamu da na Malindi suka mai da su hurumi, suna cikin na farko irinsu a Afirka. Cikin 1979 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren da ake tattalin halittunsu a duniya. Tsakiyar hurumin Watamu, mai faɗin kimanin murabba'in kilometir 10, an hana su a cikinsa ɗungum. A kewayensa an yarda a yi su irin na gargajiya. Duk baƙon da zai shiga sai ya biya kuɗi ga hukumar kula da namun daji ta ƙasar.

Lissafin a fili yake. Kifin da aka kama sau guda ake sayad da shi, wanda aka bari da rai kuwa kullum ana biyan kuɗin ganinsa, kuma daga kuɗin nan direban jirgi da mai dafa abinci da mai wanki da mai sayad da kwakwa suke samun nasu. Sai dai wanda aka hana shi wurin da kakanninsa ke jefa koma, ba lalle ne shi ke karɓar kuɗin ba. Manyan otal-otal da makarantun nutso da yawa na masu jari ne daga waje, masunci kuwa sai ya ƙara nisa cikin teku da ƙaramin jirginsa. Gaskiya ne kifin da ya girma cikin hurumi yakan fantsama waje ya faɗa tarkon masunta, amma mai iyali da cefanen yau yake kwana.

An nemi hanyoyin sasantawa. Cikin 1997 mutanen gari suka kafa ƙungiya mai suna Watamu Turtle Watch don tsaron kunkurun teku, waɗanda ke fitowa da dare su binne ƙwai cikin rairayin gaɓa. Yanzu idan kunkuru ya faɗa komar masunci, maimakon ya yanka shi, sai ya kira ma'aikatan ƙungiyar, su auna shi, su duba lafiyarsa, su mai da shi ruwa, a ba masuncin ɗan hasafi. Ta haka aka ceci dubbai. A Kuruwitu kuma, kudu da Watamu, masunta da kansu suka keɓe wani yanki na ruwansu suka daina su a ciki, kifi ya dawo, har suka sami lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 2017.

Abin da mai gadi ba ya iya tsarewa

Akwai barazanar da ta fi ƙarfin mai gadin hurumi, watau zafin ruwa. Cikin jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. In zafin teku ya ɗara yadda aka saba ko da digiri guda, ya kuma daɗe makonni, sai murjani ya kore su, ya yi fari fat kamar ƙashi. In ruwa bai huce da wuri ba sai ya mutu. Haka ta faru cikin 1998, lokacin da fiye da rabin murjani ya mutu a wurare da dama na gaɓar Kenya. Abin ya sake aukuwa cikin 2016 da 2024. Cikin 2020 kuma, da annobar korona ta sa aka dakatad da jiragen saman ƙasa da ƙasa daga Maris zuwa farkon Agusta, mutanen gaɓa suka ga yadda gari kan zama in baƙi sun ɗauke ƙafa: otal a rufe, ma'aikata a gida, wasunsu suka koma su.

Ranar ƙarshe

Mai nutso ba ya hawan jirgin sama da fitowarsa daga ruwa. In ya yi kwanaki yana nutso, tilas ya dakata aƙalla awa 18 don sauran azot ya fita daga jikinsa. Don haka ranar ƙarshe ta tudu ce, baƙi da dama kuma sukan tafi Gede, kufan wani tsohon birnin Suwahili da ke cikin kurmi, ƴan kilometir kaɗan daga Watamu. Da dutsen murjani aka gina masallatansa da fadarsa da gidajensa. An tono tangaran na ƙasar Sin a cikinsa, shaidar cewa fataucinsa ya kai nesa. Mutanensa sun watse cikin ƙarni na 17, cikin 2024 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

Kashegari baƙo yakan ɗaure kayansa, da takardar shaidarsa da hotunan kifi, ya kama hanyar Malindi. In wata shekara ya ji labarin murjanin Watamu ya mutu, akwai wasu tekuna da zai kai kuɗinsa. Masunci da direban jirgi kuwa ba su da wani tekun sai wannan. Shi ya sa ya wajaba ga magabata da masu otal su tabbata rabon mutanen gari yana isa hannunsu, domin wanda ke cin moriyar hurumi shi ne zai tsare shi da dare, lokacin da mai gadi ke barci.