Uwargida, Garayar Maigida Ba Akushi Ba Ce

'Yar uwa, in Allah Ya haɗa ki zama da mai garaya, ko kuwa ta gadon mahaifinsa ce ya rataye a ɗaki ba ya ko kaɗawa, to ki yi hattara da ranar kwalima. Mu mata an san mu da son ƙal-ƙal, in muka tashi gyara sai mu haɗa har da abin da ba a wankewa. Ita kuwa garaya ba ta da maƙiyi kamar ruwa.

Dubi yadda aka yi ta mana. Ice ne aka sassaƙa aka rarake cikinsa, aka rufe bakinsa da fata, aka zura sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu. Molo ma haka yake, sai dai tasa uku ce. Gurmi irin na marigayi Haruna Uji ƙoƙo ne, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa gwangwani, amma dukkansu fata ce a fuskarsu, kuma a fatar nan muryar take. In ta sha ruwa sai ta saki, sauti ya mutu, in ta zo bushewa kuma ta ja ta tsage daga gefe. Samun mai sake rufa ta yanzu aiki ne ja, kuma ko an rufa, wallahi maigida zai ce miki ba muryar da ya sani ba ce. Kin ga an shiga zaman shiru da kumbure-kumbure a kan abin da kika yi don ki burge.

Busasshen tsumma mai laushi ya ishe ki, irin tsohon ɗankwalin da ya sha wanki. Lungun da yatsa ba ya shiga, ki kaɗe ƙurar da gashin kaza. Sandar ce kawai, inda gumin hannu ke taruwa ya yi baƙi, za ki iya bi da tsumma mai ɗan danshi, ki tsane nan take. Ba sabulu, ba kananzir, kuma don Allah a bar fesa mata turare, ba amarya ba ce. In icen ya yi fari-fari, ɗan man kaɗanya a kan yatsa ya wadatar, a jikin icen kaɗai. Man gyaɗa kuwa gayyar ɓera da kyankyaso ne, su kuma fatar za su fara ci.

Da hunturu ice na tsagewa, don haka a nisanta ta da taga da kaskon wuta. Da damina, musamman watan Agusta, fata kan yi sanyi ta yi fumfuna. Makaɗa kan ɗan ɗora ta a hantsi ta ja, amma na ɗan lokaci ne, ba shanyar barkono ba. A naɗe ta da zane, kada a ƙulle ta a leda, gumi take yi a ciki.

Ɗaurin tsirkiyar nan kuma ki bar wa mai ita, shi ya san inda ya tsayar da muryarsa. Naki dai ki tabbata tana rataye sama, inda hannun yara ba ya kaiwa, ba jingine a ƙasa ba inda gara za ta same ta, ba kuma a bangon da ruwa ke duka ba. Ranar da kika zo shara kika ga garin ice ya zubo a ƙarƙashinta, ƙwaro ne ya shiga, ki gaya masa a ranar, kada ki jira sai ya gani da kansa.