Me ya sa waƙar Agadez ke neman kunnen baƙo?

A 2008 mawaƙin Agadez Mdou Moctar ya tafi Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth. A ƙaramar lasifikar waya ba a jin aibu. Saka waƙa a manyan lasifika kuwa, kana iya jin jita ta yi tsini, ganga ta nutse.

Aikin mastarin ke nan, tacewar ƙarshe bayan an gama haɗa sauti: a daidaita ƙarfin waƙoƙin kundi, a rage kaifi, a tabbatar waƙa ta zauna daidai a rediyo, mota da faifai. Gwamma a miƙa wa wani daban, domin wanda ya kwana yana haɗa waƙa kunnensa ya saba da kurakuransa.

Kayan aiki ma da nasu tasiri. Bombino, shi ma mawaƙin Agadez, ya naɗi kundinsa Nomad a Nashville ta Amurka tare da furodusa Dan Auerbach, kundin ya fito a 2013. Kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Amma a ganina, ya kamata mai situdiyo a Agadez ya fara da makirufo mai kyau, ɗakin da ba ya amsa kuwwa, da maganin ƙura da ɗaukewar wuta, kafin ya yi zancen na'ura mai tsada.