Ko Huhu Yana Sake Tofowa In An Yanke Shi?

Sau da yawa idan likita ya gaya wa ɗan'uwanmu mazaunin Agege ko Sabo ta Ibadan cewa sai an yanke masa wani sashe na huhu, sai ya tattara kayansa ya nufi gida, wai gara ya cika a gaban dangi. To, jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Ya kamata mu san abin da ke faruwa cikin ƙirji bayan irin wannan fiɗa.

Huhun dama sassa 3 gare shi, na hagu kuwa 2. Cikinsu akwai 'yan jakunkunan iska fiye da miliyan 300, ta nan ne iska ke ratsawa ta shiga jini. Sankara, ko tarin fuka da aka bari ya ci wuri, su kan sa dole a cire sashe ɗaya ko huhu guda ɗungum. Wannan aiki ba sabo ba ne. Tun cikin 1933 Dokta Evarts Graham na Amurka ya cire wa wani likita huhun hagu saboda sankara, mutumin kuwa ya ƙara shekara 30 a duniya. Fafaroma Francis ma an yanke masa wani sashe na huhun dama cikin 1957, bai rasu ba sai 2025.

Da an gama fiɗa, huhun da ya rage sai ya buɗe ya cike gurbin. A dā likitoci sun ɗauka kumbura ce kawai irin ta balan-balan, ba tsiro ba, watau in mutum ya girma huhunsa ya gama yin sababbin jakunkuna. Amma gwaji a kan dabbobi ya nuna wani abu dabam. Ɓera in an cire masa huhun hagu, cikin mako 2 zuwa 3 na dama ya yi tofon da zai kusan mayar da abin da aka rasa. Manyan karnuka kuwa ba su yin tofo sai an cire fiye da rabi. Dalili kuwa shi ne, miƙewar da huhu ke yi a kowane numfashi ita ce ke ta da wasu ƙwayoyin halitta da ke bangon jakunkunan, su hayayyafa su gina sababbi.

Ga ɗan Adam, shaida ta fito cikin 2012 daga birnin Boston. Wata mace mai shekara 33 an cire mata huhun dama cikin 1995, likitoci suka yi ta auna ta har shekara 15. Suka tarar numfashinta na ƙaruwa a hankali, jakunkunan huhun hagu kuma sun ƙaru da kashi 64 cikin 100. Matar kuwa ba ta fasa motsa jiki kullum ba.

Sai dai a lura, sashen da aka yanke ba ya dawowa, wanda ya rage ne ke ƙaruwa, kuma aikin shekaru ne. Huhun da taba da ƙura suka riga suka cinye ba shi da ƙarfin yin haka.

Saboda haka 'yan'uwa masu dako da direbobi da masu gadi, duk wanda tari ya wuce masa mako 2, ya je asibiti a auna majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 ake sha ba fashi. Wanda kuma aka ce sai fiɗa, ya tsaya a yi masa, ya bar taba, ya riƙa tafiya a ƙasa kullum. Allah ya ba mu lafiya, amin.