Hotunan Cikin Kwalla da Ɗinkin da Aka Bari Rabi

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Nassarawa a yau, gadar sama zai fara gani kafin ya ga ƙofar. An gina gadar ne a wa'adin mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, don haka yaron da aka haifa bayan nan bai san wurin da wata kama ba. In za a nuna masa yadda yake a da, sai da hoto. Akwai hotunan ƙofofin birni a Gidan Makama, amma galibin hotunan wannan yanki suna gidajen mutane ne, a ƙasan akwati, ko cikin tsohuwar kwalla, ko ƙunshe a baƙar leda. Ga na Hawan Nassarawa zamanin Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, ga na saukar karatu, na kamu, na suna, da na rakiyar alhazai filin jirgi. An jima ana cewa za a sayo albam a jera su.

A wannan akwatin dai za ka tarar da hular da aka zana aka ɗinka rabi, allurar tana soke har ta yi tsatsa, da zanen gadon da aka yi wa fulawa gefe ɗaya, da saƙar kwarashi ta jaririn da yanzu ya kusa aure. Ba lalaci ne ya tsai da su ba. Zare ne ya ƙare aka rasa kalarsa a kasuwa, ko haihuwa ta zo, ko ido ya yi rauni. Daga nan sai abin ya koma nauyi a zuciya, a daina ma son buɗe akwatin.

Ni a ganina ba dole ba ne kowane aiki ya ƙare yadda aka nufa da farko. Hular da saura kaɗan, a kai wa masu ɗinkin hula su ƙarasa a biya su, babu abin kunya. Wadda ba za ta ƙarasu ba, da zanen gadon nan, a yanko inda aikin ya yi kyau a yi wa albam bango da shi. Hannun uwa ya zama rigar hotunan 'ya'yanta.

Tsarin albam ɗin kuwa ba sai an aro daga waje ba. Alarammomi sun daɗe suna rubuta Alƙur'ani a warwatsattsun takardu ba tare da ɗinki ba, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure, a sa a gafaka. Haka za a yi. A sami kwali mai ɗan kauri, a yanka shi daidai wa daida, kowane falle ya ɗauki hoto ɗaya ko biyu. Amfanin wannan shi ne aikin ba ya jiran a gama shi: yau falle uku, bayan sallah biyar, kuma kullum a kammale yake. Wanda ya fi son bangon fata, dukawa suna nan a Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15. Wanda ke son shuɗi ya leƙa marinar Ƙofar Mata, sai dai baba yana zuba, don haka rinin ya tsaya a wajen bango, a sa farar takarda tsakaninsa da hotuna.

Kada gam ya taɓa hoto, ko salatif. Koko ma, da ake liƙi da shi, gayyatar kyankyaso da gara ne. A tsaga kwalin da reza a kusurwa huɗu a soka gefunan hoton, ta yadda za a iya zare shi duk ran da aka so. Albam ɗin kanti mai danƙo da leda a sama, wanda aka yi yayi, shi ya fi ɓarna: danƙon yana komawa ruwan ƙasa, ya kama bayan hoton, in ka ja ya yage. Rufe hoto da leda a injin zafi kuwa ba a warware shi. Hoto mai kala ya fi baƙi-da-fari saurin koɗewa, kuma zafin bazara da laimar damina suna gaggauta hakan, saboda haka a nisanta shi da taga da jikin bango mai jiƙa. Na cikin waya ma ba su tsira ba, a garin da kowa ya san zancen ƙwacen waya. A zaɓi kaɗan duk shekara a wanke su.

Abin da ya fi gaggawa shi ne sunaye. Kwali da reza suna nan ko yaushe, amma tsohuwar da ta san wace ce ke tsaye bayan amarya ba za ta dawwama ba. A ɗauki kwallar a kai ɗakinta, a miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da ta faɗa a ƙasan hoton, da boko ko da ajami. In a bayan hoton za a rubuta, a sa fensir, domin biro yana huda takarda kuma tawadarsa tana ɓullowa. In ba ta kira sunan suruki ko ɗan fari saboda alkunya, a rubuta laƙabin da ta ambata, a tambayi wani ainihin sunan. Da wuya ta ba ka shekara da lamba, sai dai ta ce lokacin da aka koma tuƙi hannun dama, wato 1972, ko shekarar da naira ta fito, 1973, ko bayan kashe Murtala, 1976. A rubuta yadda ta faɗa, sannan a ƙara lambar a gefe.