Dokar Masu Jego Da Ta Riƙe Majalisar Ingila Lokacin Annoba

Yau filin namu zai kai mu birnin Landan, mu ga yadda Majalisar Wakilai ta can ta yi ta ci gaba da aikinta sa'ad da annobar Korona ta rufe kantuna da makarantu da wuraren ibada a shekarar 2020. Wata za ta ce ina ruwan biri da gada? To, a dai yi haƙuri a karanta. A majalisa ake yanka haraji, a can ake ware kuɗin asibiti da na makarantar yara, a can ne kuma talaka yake da wanda zai tsare minista ya yi masa tambaya. Ran da hukuma ta ce kowa ya kulle kansa a gida, ran nan aka fi bukatar mai tambaya. Daɗin daɗawa, dabarar da ta riƙe wannan majalisa har annobar ta lafa, asalinta don masu jego aka yi ta.

Sai mun fara sanin yadda suke jefa ƙuri'a, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Wakilai 650 ne, amma wurin zama a zauren bai wuce na mutum 427 ba. Ran babbar muhawara a matse suke zama kamar fasinjan motar kasuwa, wasu ma a tsaye. In an zo ƙuri'a ba hannu ake ɗagawa ba, ba kuma takarda ake jefawa a akwati ba. Ƙararrawa ake bugawa. Kafin annobar, minti 8 ake ba kowa ya bar abin da yake yi ya shiga ɗaya daga cikin soraye biyu da ke gefen zauren, ɗaya na masu cewa i, ɗaya na masu cewa a'a. Sai a kulle ƙofa, su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ana ƙidaya su. A da, wanda bai zo harabar majalisar da kansa ba, ba shi da ƙuri'a, ko da kuwa a gadon asibiti yake.

Abin da aka saba yi wa majinyaci ko mai jego shi ne wata yarjejeniya ta fatar baki. Sai a samo wani daga ɗaya ɓangaren ya yi alkawarin shi ma ba zai jefa tasa ba, don kada rashin zuwan ya cuci kowa. Ba doka ba ce, amana ce kurum. Mutanen mazaɓar mai jegon kuwa, in sun duba littafin majalisa, sai su ga kamar wakiliyarsu ta yi fashi ne.

A watan Yuli na 2018 aka ci wannan amana. Wata wakiliya ta ɓangaren hamayya, Jo Swinson, tana gida da jaririn da bai cika mako uku ba. An haɗa ta da Brandon Lewis, shugaban jam'iyyar da ke mulki. Da ƙuri'a ta yi zafi ran 17 ga wata, sai ga shi ya shiga soro ya jefa tasa har sau biyu, a ɗaya ma da ƙuri'a 6 kacal gwamnati ta tsira. Daga baya an ba ta haƙuri, wai kuskure ne. Ko kuskure ne ko ganganci, matan majalisar dai sun ɗauki darasi.

Wata shida bayan haka, ran 15 ga Janairu 2019, aka zo babbar ƙuri'a kan shirin Firayim Minista Theresa May na fitar da ƙasar daga Tarayyar Turai. Tulip Siddiq, wakiliyar wani yanki na arewacin Landan daga jam'iyyar Leba, tana da tsohon ciki, likitoci sun riga sun sa ranar da za a yi mata aiki a ciro ɗan. Ta roƙa aka ɗaga da kwana biyu. Mijinta ya turo ta a keken marasa lafiya har cikin majalisa ta jefa ƙuri'arta, don ta ce bayan abin da aka yi wa 'yar'uwarta ba ta ƙara yarda da alkawarin baka. Duk wadda ta san nauyin watan haihuwa ta san abin da matar nan ta ɗauka wa ranta. Gwamnati ta sha kaye da ratar ƙuri'a 230, wato ko ba ta zo ba haka za a tashi, amma ina ta sani? Ran 17 ga wata ta haifi ɗa namiji.

Hoton nan ya kunyata majalisar. Dama Harriet Harman, wadda ta shiga majalisa a 1982 tana ɗauke da ciki, ta daɗe tana faman a gyara. Ran 28 ga Janairu 2019 aka amince, a matsayin gwaji na shekara ɗaya, mai jego ta wakilta wani ɗan majalisa ya jefa mata ƙuri'a da sunanta, yadda ta umarce shi. Da farko wata 6 aka ba uwa, uba kuwa mako 2. Washegari Tulip ta zama ta farko da ta ci moriyar abin, ƙawarta Vicky Foxcroft ta jefa mata. A lokacin an ɗauka wata 'yar alfarma ce aka yi wa mata ƙalilan.

Sai ga Korona. Ba yau annoba ta fara korar wannan majalisa ba, don a 1665 da wata muguwar annoba ta auka wa Landan, tattarawa suka yi suka koma garin Oxford suka zauna. Ita wannan kuwa ba ta bar garin gudu ba. Ran 23 ga Maris 2020 Firayim Minista Boris Johnson ya ba da sanarwar kulle, ran 25 ga wata majalisa ta tafi hutu kafin lokacinta. Ran 27 aka ji shi kansa ya kamu, ran 6 ga Afrilu har an kai shi sashen masu tsananin jinya na asibitin St Thomas, wanda kogi ne kawai ya raba shi da ginin majalisar.

A nan ne abin dubawa yake. Dokar kullen kanta, wadda ta hana uwa ta ziyarci 'yarta, ta hana taron biki, ta ƙayyade masu zuwa jana'iza, minista ne ya sa mata hannu ran 26 ga Maris, majalisa tana hutu. Wakilai ba su zauna a kanta ba sai ran 4 ga Mayu, bayan mutane sun yi fiye da wata guda a ƙarƙashinta.

Da suka dawo ran 21 ga Afrilu sai suka amince da wani tsari na rabi a zaure, rabi a gida. Mutum 50 kaɗai ne za su shiga zauren, da tazarar mita 2 tsakanin kowa, an manna alamu a kan kujeru inda za a zauna da inda ba za a zauna ba. An rataya manyan allunan talabijin a sama, wasu 120 su shigo ta Zoom daga gidajensu. Washegari aka yi zaman tambayoyin Firayim Minista a haka, Dominic Raab ya tsaya wa maigidansa da ke murmurewa. Jama'a suka sha kallon ɗakunan wakilansu, wani layinsa ya yanke, wani yana ta magana ba a jin sa. Amma dai an yi tambaya, minista kuma ya amsa. Ran 12 ga Mayu suka jefa ƙuri'a ta farko daga gida, ta waya ko kwamfuta, kowa da minti 15. Washegari Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya latsa inda bai yi niyya ba, ya jefa wa gwamnatinsa ƙuri'ar ƙi. Aka yi dariya aka wuce, don ko a soro akan sami mai ɓatan kai.

Abin bai yi ƙarko ba. Jagoran harkokin gwamnati a majalisa, Jacob Rees-Mogg, ya ce a dawo zaure. A ba shi gaskiyarsa, yana da hujja. Muhawara ta allo ba ta da armashi: kowa sai ya jira sunansa a jeri, ya karanta takardarsa, ba dama wani ya katse minista ya ƙure shi, aikin dokoki kuma yana tafiyar hawainiya. Ya kuma ce bai dace a ce yara su koma makaranta wakilai suna zaune a gida ba. Sai dai maganin da ya kawo ya fi ciwon. Ran 2 ga Yuni aka soke ƙuri'ar gida. Da yake ba dama a cunkusa a soro, sai wakilai suka ja layi mai tsawon kusan kilomita guda, ya ratsa tsohon ɗakin taro na Westminster har waje, kowa ya iso gaban Kakaki ya faɗi sunansa da abin da ya zaɓa. Ƙuri'ar da aka saba gamawa cikin kwata ta ci wajen minti 45. Gwamnati ta yi nasara da 261, masu ƙi 163.

To, su wa suka jefa wannan ƙuri'a? Waɗanda suka iya zuwa. Tsofaffi, da masu ciwon da likita ya ce kada su fita, da masu jinyar wani a gida, su da maganar ta fi shafa, ba a ji ta bakinsu ba. Jamie Stone, wakilin can ƙuryar arewacin Sikotland, shi ke kula da matarsa mai naƙasa, ya fito ya ce an sa shi zaɓi tsakanin iyalinsa da mutanen da suka aiko shi. Mu mata mun san irin wannan zaɓi tun ba yau ba. Kowane wakili da aka bari a gida kuwa, dubban mutanen mazaɓarsa aka rufe wa baki tare da shi.

Surutu ya yi yawa, sai gwamnati ta waiwayi dokar masu jego, da yake ita ce kaɗai hanyar da ke rubuce, an kuma gwada ta an ga tana aiki. Ran 4 ga Yuni aka buɗe ta ga masu rauni, bayan 'yan kwanaki aka ƙara da waɗanda annobar ta tsare a gida saboda wasu dalilai, kamar jinyar iyali. A watan Satumba aka mai da ta masu jego doka ta dindindin. A Nuwamba, da cutar ta sake tasowa, aka ce kowa ma yana iya wakilta wani.

Ƙuri'a ta samu, amma magana fa? Wanda ke gida yana iya yi wa minista tambaya ta allo, amma ba shi da izinin sa baki a muhawara. Tracey Crouch, wakiliya ce daga jam'iyyar gwamnati, ana yi mata maganin sankarar mama. Ran 12 ga Nuwamba 2020 aka shirya muhawara a kan sankarar mama, aka ce ba za ta yi magana ba sai ta zo da ƙafarta, ita kuwa likita ya hana ta shiga jama'a. Ku ji fa! Wa ya fi ta sanin abin da za a tattauna? Ta bayyana a allo ta faɗa wa Rees-Mogg ɓacin ranta a gaban kowa. Duk da haka sai ran 30 ga Disamba aka buɗe muhawarar zaure ga na gida, ranar da suka zartar da yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai cikin yini ɗaya, da ƙuri'a 521, masu ƙi 73.

Kada kuma mu yabi ɗan kuturu tun bai shekara arba'in da yatsa ba. Mai jego ƙawarta take zaɓa, wadda ta amince da ita. Da abin ya zama na kowa, galibin wakilai sai suka miƙa ƙuri'unsu ga bulaliyar jam'iyya, wato jami'an da aikinsu shi ne su tabbatar kowa ya bi layin shugabanni. A farkon 2021 mutum guda, Stuart Andrew, mataimakin babban mai bulala na gwamnati, yana riƙe da ƙuri'a fiye da 300. Gaskiya ne wakili yana da ikon ya ce a jefa masa saɓanin ra'ayin jam'iyya, kuma akan jefa. Amma ku auna da kanku: wanda zai latsa waya a ɗakinsa, da wanda sai ya kira mai bulala ya ce masa yau zan saɓa muku, wa ya fi sakewa? A ganina ƙuri'ar waya da aka yi mako biyu ana yi a watan Mayu ta fi wannan tsabta nesa ba kusa ba. Majalisar Dattawansu ma, inda tsofaffi suka fi yawa, ta kama ƙuri'ar waya tun watan Yuni na 2020, ta yi fiye da shekara tana amfani da ita.

Game da dokokin kulle da ministoci ke sa wa hannu su kaɗai, sai da Kakakin Majalisa, Lindsay Hoyle, ya tsawata wa gwamnati a fili ran 30 ga Satumba 2020, ya ce tana raina majalisa. Ministan Lafiya ya yi alkawarin za a riƙa kawo manyan matakai gaban wakilai tukuna in da hali. Kulle na biyu, wanda ya fara ran 5 ga Nuwamba, sai da aka yi muhawara aka jefa ƙuri'a a kansa ran 4 ga wata.

Ran 22 ga Yuli 2021 duk waɗannan tsare-tsare na annoba suka ƙare, aka sauke alluna, wakilci ya koma na masu jego kaɗai. Majinyata suka koma gidan jiya. Amy Callaghan, wata matashiyar wakiliya daga Sikotland wadda jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa a watan Yuni na 2020, ta dogara sanda ta zo zauren a watan Fabrairu na 2022, ba da son likitocinta ba, ta roƙa a ba masu doguwar jinya irin damar da aka ba masu jego. A watan Oktoba na wannan shekara majalisa ta amince a fara gwada hakan.